SHUƊIN DURO

Shafi na 19

Na ga masu cewa na yi shiru. Ga shi.

*

A baro Auta ya turo duron.

Bai zubar da ruwan da ke ciki ba. Likita ya ce kada a zubar, kada a ɗauraye. Don haka yana tafiya ruwan yana kaɗawa, yana dukan jikin roba kamar wani abu mai rai da ke neman hanyar fita.

Daga gida zuwa filin wankin duro bai gaisa da kowa ba. An gaishe shi. Ya ji. Bakin ne bai buɗu ba.

Tsuntsuwa, 'yarsa guda ɗaya, tana can kwance a gadon asibiti da roba a hanci, hannunta na rawa shi kaɗai ba tare da ta sa shi ba. Da sassafe likitan ya tsayar da shi a baranda ya ce masa:

"Wani abu ta daɗe tana sha a ruwa, kaɗan-kaɗan, har ya taru. Mun tura jininta gwaji, amma sakamakon ba zai dawo da wuri ba, ita kuma ban ga alamar za ta jira shi ba. Allura iri biyu ce a hannuna. In na yi mata wadda ta dace, za ta tashi. In na yi ɗayar, na ƙarasa mata ƙodar da ta rage. Ka samo min sunan abin da aka taɓa zubawa a duron nan. Ko ba sunan ba, ko irinsa."

Suna.

Auta da hannunsa ya kankare sunan.

Aikinsa ke nan. Duk duron da aka sauke a filin, da wutar gas ake fara bin takardar jikinsa, sannan a goge da buroshin ƙarfe, don ba mai sayen mazubin ruwan sha da hoton ƙoƙon kan mutum a jiki. Sai garin sabulu da yashi, a mirgina, a ɗauraye, a kife a rana. Daga nan aikin Auta ya ƙare, na Yaya ya fara.

Yaya, wan Auta, shi ke shinshinawa. Ya sa fuska a bakin duro, ya ɗago, ya yanke hukunci: wannan na sha, wannan na wanki, wannan na masu gini. Duk unguwar ba wanda ke kiransa da sunansa. Hanci ake ce masa. Mata kan ce abin da ya wuce hancin Hanci, ko jariri a ba shi.

Wannan shuɗin ma ya wuce. Shi ya sa Auta ya kai shi gida.

*

Filin yana nan yadda ya bar shi.

Duro a jere, wasu a kife suna shan rana. Kwatar da ke kwashe ruwan wanki ta bi ta ƙarƙashin katanga, yau ruwanta ja-ja ne, jiya wataƙila kore. Ƙasar gefenta ta yi farin ɓawo kamar an barbaɗa gishiri, ko tururuwa ba ta bi ta wurin. Bishiyar bakin katanga ta daɗe da zama itace, a jikinta suke rataye riguna. Can ƙasa inda kwatar ta haɗu da rafi, da akwai lambu. Da akwai kwaɗi masu hana mutum jin maganar na kusa da shi in ruwa ya sauka. Auta bai san lokacin da suka daina ba. Ba wanda ya taɓa yin zancen.

Yaya na durƙushe yana ƙona takardar wani duro. Da ya ga baron sai ya jingine kan wutar gas ɗin ya miƙe, yana dafa ƙugu.

"Ya jikin nata?"

"Tana nan."

"Da sauƙi dai?"

"Tana nan, Yaya."

Yaya ya dubi duron. Ya dubi ƙaninsa.

"Me ya sa ka dawo da shi?"

"Ka shinshina."

"Ai na shinshina tun a lokacin."

"Ka sake. Likita na son sanin abin da ke ciki da farko."

"Abin da ya daɗe yana cin ruwa? Me ya rage kuma a ciki?"

"Kai kake cewa roba ba ta mantuwa. Ka ce abin da ta fara sha yana nan a jikinta har ta fashe."

Yaya bai musa ba. Shi yake faɗa. Kusan kullum sai ya faɗa wa masu saye.

Suka kama duron su biyu suka sauke. Auta ya kwance murfin.

Yaya ya yi yadda ya saba. Ya face hanci, ya goge da gefen riga. Ya ƙwanƙwasa jikin duron da ɗan yatsa. Ya lumshe ido, ya sunkuya, ya ja numfashi a hankali. Auta tun yana ƙarami yake ganin wannan, tun mahaifinsu na da rai, lokacin Yaya na koyo. Bai taɓa kallon abin da kyau ba sai yau.

Yaya ya ɗago.

"Man girki ne."

"Man girki."

"Shi ne."

"Man girki ba ya sa hannun yarinya rawa, Yaya."

"To bari."

Ya sake sunkuyawa. Wannan karon ya daɗe.

A nan ne warin ya iso wa Auta.

Kan wutar gas ɗin da Yaya ya jingine ya zame, ya kwanta a jikin wata tsohuwar taya. Tayar ta kama. Hayaƙin baƙi ne, iska na kwantar da shi ƙasa-ƙasa tana kai shi wajen katanga, amma warin ya cika filin, irin wanda ke shaƙe maƙogwaro. Taku kaɗan ne tsakanin tayar da bayan Yaya.

Auta ya buɗe baki zai yi magana.

Sai ya fasa.

Ya tsaya yana kallon hancin yayansa.

"Akwai ɗan sabulu-sabulu a ƙasa," in ji Yaya, kansa na cikin duron, muryarsa na amsa kuwwa. "Ina jin sabulun ruwa ne, irin na wanke tayil."

Auta ya dubi hayaƙin.

Ta bayan katanga mai walda ya leƙo, tabarau a goshi, yana tari.

"Hanci, ka koma gasa taya ne? In nama ne ya gagare ka ai sai ka faɗa mana, ba sai ka kashe unguwa ba."

Sai a lokacin Yaya ya juya. Ya zabura, ya kashe gas ɗin, ya yi ta watsa yashi da ƙafa har wutar ta mutu.

"Na ji tun ɗazu," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Hankalina ne yana kan duro."

"Ka ji mana," in ji mai walda. "Kai da ko kare ya gan ka sai ya sara maka. Auta, ya jikin 'yar tawa?"

"Tana nan."

Mai walda ya dubi fuskarsa, ya sauke tabaraunsa, ya koma aikinsa.

*

Auta ya taka zuwa inda injin jan ruwa yake. Jarkar fetur na gefensa. Ya tsinci wani tsumma, ya juya baya. An ji ƙarar murfin jarka an buɗe, an rufe.

Ya dawo.

"Rufe idonka, Yaya."

"Me ke nan?"

"Rufe kawai."

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Ni na goya ka, yaro. A bayana ka yi fitsari."

"Na sani. Rufe."

"Auta."

"Tana can da roba a hanci."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya rufe.

Auta ya kai tsumman dab da hancinsa.

"Mene ne wannan?"

Yaya ya ja numfashi. Har da ɗan kawar da kai, yadda mutum ke yi in abu ya bugi hancinsa.

"Fetur."

Auta ya sauke hannu.

"Ruwa ne. Jarkar buɗewa kawai na yi na rufe."

Yaya bai buɗe idon nan da nan ba. Da ya buɗe, ƙasa ya kalla. Ya lalubi wani duro da ke kife ya zauna a kai, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Daga bayan katanga ƙarar walda ta ci gaba. Wata mota ta wuce a titi. Auta ya jira ya ji wani abu ya taso masa, fushi ko kuka ko ma dai mene ne. Ba abin da ya zo. Jikinsa ya yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

"Tun yaushe?"

"Ya jima."

"Kafin a haife ta, ko bayan nan?"

"Kafin."

Auta ya gyaɗa kai, kamar an faɗa masa ƙarfe nawa.

"Ba rana ɗaya ya tafi ba," in ji Yaya. "Da fari ƙamshin abinci ne ya daina zuwa. Na ce mura ce. Sai turare. Sai kananzir. Wata rana na buɗe wani baƙin duro, idona ya yi ta zubar da ruwa, ƙudaje suna faɗowa a gabana, ni kuwa ban ji komai ba. Iska kawai. Daga ranar komai iska ne."

"Ba ka faɗa ba."

"In faɗa wa wa? In ce Hanci ba shi da hanci? Duro ai a ko'ina ana sayarwa. Abin da ke kawo mutane nan shi ne wannan." Ya taɓa hancinsa da ɗan yatsa, ya sauke. "Ranar da aka sani, ni da kai da yaranmu, me za mu ci?"

"To da me kake raba su?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Na sha, na wanki, na gini. Da me kake rabawa?"

"Da kai."

"Da ni."

"Fuskarka nake kallo. In ka buɗe murfi za ka wanke, ina nan zaune ina ganinka. In ka yamutsa fuska ka kawar da kai, na masu gini ne. In hancinka ya ɗan motsa kawai, na wanki. In ka buɗe kana waƙarka ba abin da ya dame ka, na sha. Sai in sa masa alama a raina. In ya bushe in je in sunkuya, don masu kallo."

Auta ya kai hannu ya shafa fuskarsa. Fuskar da ake karantawa duk tsawon lokacin nan, shi bai sani ba.

"Kuma ba ka taɓa ba ni kunya ba," in ji Yaya. "Wallahi ko sau ɗaya. Fuskarka ba ta iya ƙarya."

"Wannan fa?" Ya nuna shuɗin da haɓa. "Me fuskata ta ce?"

"Ban gan ta ba."

"Kamar yaya?"

"Ranar ka zo da takunkumi. Wanda matarka ta saya maka, mai roba biyu a gefe, lokacin da tari ya dame ka. Ka rufe daga ido zuwa haɓa. Na ce ka cire kana kama da jaki, ka ce ta rantse in ka cire ba za ta yi maka magana ba."

Auta ya tuna. Har dariya suka yi. Mai walda ya yi ta kiransa ɗan sama jannati. Bai daɗe yana sawa ba, zafi ya hana, ya rataye shi a bishiya.

"Sai ka yi me?"

"Sai na duba da ido. Sabo ne, fes, ba tabo ba maiƙo. Na ce irin wannan ba za a zuba masa mugun abu ba." Ya dubi duron. "Kai kuma ka ce kana so, randar gidanka ta fashe. Na ce ɗauki. Na ga ya fi duka kyau. Na ce gara a ce ɗan'uwana ne ya samu."

"Na gode," in ji Auta.

Ba da gatse ya faɗa ba. Bakin ne kawai ya fitar da abin da ya saba.

*

Ƙarar babbar mota ta katse su. Direban da ke kawo musu kaya ne, ya shigo da baya, bodin cike da duro an ɗaure da igiya. Ya diro yana murmushi, tsinken sakace a baki.

"Oga Hanci. Yau na kawo maka amare, ko ƙwarzane babu. Auta, ya na ga kun yi jugum kamar an ƙwace muku fili?"

Auta ya nuna duron.

"Ka gane wannan?"

"Shuɗi. Duk duniya shuɗi ne ai."

"Mai jan murfi. Ka kawo shi tare da 'yan'uwansa, lokacin zafi. Daga wane kamfani?"

Direba ya cire tsinken.

"Lafiya?"

"'Yata ta sha ruwa a ciki. Tana asibiti. Suna kawai nake so, ba rigima ba. Ka kai ni ƙofar kamfanin, ni zan shiga in tambaya."

Direba ya kalli Yaya. Yaya na kallon ƙasa.

"Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya." Ya sosa ƙeya. "To ai matsalar... masu jan murfin nan ba daga kamfani suke ba."

"Daga ina?"

"Ka san bayan gari, inda ake haƙar ƙasar bulo? Akwai wani rami can. Manyan motoci ke zuwa su juye, a bi da katafila a rufe. In ruwa ya zaizaye ƙasar sai su fito. Akwai masu tonowa. Su zubar da na ciki a nan wurin, su goge, in saya."

"Binne su aka yi."

"To, haka dai."

"Wa ya binne?"

"Motocin ba rubutu a jikinsu, Auta. Ni ban taɓa tambaya ba. Wurin ma ba a daɗewa, ido yake ci. Ko ciyawa babu, tsuntsu ba ya sauka."

"Ka sani, ka kawo mana."

"Haba. Ai shi ya sa nake kawowa nan ba wani wuri ba." Ya nuna Yaya da tsinken. "Na san akwai mai tacewa. In mugu ne Oga zai ji. Ni da wannan nake kwana da hankalina. Ko ba haka ba, Oga?"

Yaya ya ci gaba da kallon ƙasa.

Direba ya tsaya kaɗan yana juya mukulli a yatsa. Sannan ya ce bari ya je ya sha mai ya dawo a sauke kayan. Ya hau, ya ja motar da kayanta, igiya na lilo a baya. Su duka sun san ba zai dawo yau ba.

"Sauran masu jan murfin," in ji Auta. "Ina suke?"

"An saye," in ji Yaya.

"Wa?"

"Mai shayin bakin titi ya ɗauki ɗaya. Matar nan mai renon yara ta ɗauki biyu. Sauran ban riƙe ba."

"A na sha."

"A na sha."

Auta ya ji maganar ta shiga ta zauna a wani wuri, can nesa, inda zai same ta daga baya. Yanzu ba wurinta.

"Ba wanda ya rage?"

Yaya ya ɗago kai a hankali.

"Akwai ɗaya. Murfinsa ya ƙi buɗuwa, na ce a bar shi. Yana bayan rumfa."

*

Suka jawo shi daga cikin tarkace. Takardar jikinsa an ƙone, wannan ai shi ne farkon aiki. Sai baƙin tabo da sawun buroshi. Sawun hannun Auta.

Da guduma da kurfi suka fasa murfin.

A ƙasa akwai saura. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai kauri, kalar shayin da ba madara. Masu tonowa ba su samu sun zubar ba.

"Shinshina," in ji Yaya. "Kai ke da hanci, ni ke da sani. Ka faɗa min abin da ka ji, ni zan faɗa maka sunansa. Kada ka sa kai ciki. Daga nesa, ka jawo iskar da hannu."

Auta ya yi yadda aka ce.

"Me ka ji?"

"Zaƙi-zaƙi."

"Zaƙin me? Alewa ko 'ya'yan itace?"

"Ban sani ba. Kamar abin da ya fara ruɓewa."

"Yana hawa kai, ko yana sauka ƙirji?"

"Duka."

"Ba a duka. Sake."

Ya sake. Idonsa ya kawo ruwa.

"Akwai wani abu a bayansa. Kamar tafarnuwa. Ko ƙarfe. Kamar ka riƙe tsabar ƙarfe a hannu ka yi gumi."

"Tafarnuwa ko ƙarfe?"

"Yaya, ban sani ba."

"Ka nutsu. Wanne ya fara zuwa?"

"Na ce ban sani ba. Ni wanki aka koya min."

Yaya ya tsuguna a gaban duron, ya kama bakinsa da hannu biyu. Ya sa fuskarsa gaba ɗaya a ciki, ya ja numfashi da ƙarfi, ya sake ja, har kafaɗunsa na ɗagawa. Ya ɗago hawaye na bin kumatunsa, ba na kuka ba.

"Iska," ya ce.

Ya goge fuska da riga.

"Abu biyu ne ke da wannan zaƙin. In tafarnuwa ce a baya, maganin ƙwarin gona ne, mai ƙarfin, wanda aka hana. In ƙarfe ne, ruwan da ake wanke injin masana'anta ne. Da hancina na nan, kafin ka buɗe murfin nan duka na raba maka su."

"Biyu."

"Biyu."

"Allurar ma biyu ce."

Yaya ya dube shi.

"Me likitan ya ce? Faɗa min daidai yadda ya faɗa."

Auta ya faɗa. Wadda ta dace, ta tashi. Ɗayar, ta ƙarasa ƙodar. Muryarsa ba hawa ba sauka, kamar mai karanta allon kan titi.

"Wato tsoronsa ya gwada a kanta."

"E."

"Jikinta ba zai ɗauki kuskure ba."

"E."

Yaya ya gyaɗa kai.

Wayar Auta ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce. Ya kalli sunan yana haske yana mutuwa, sannan ya ɗauka, ya juya baya, ya taka zuwa wajen busasshiyar bishiyar don ƙarar walda.

"Abban Tsuntsuwa."

"Ina ji."

"Ta daina gane ni. Na kira ta ta kalle ni kamar bango." Muryarta a bushe take, ta gama kukan tun jiya. "Fitsarin ma ya tsaya. Likita na nan tsaye. Ya ce me ka samo?"

"Ba shi wayar."

Aka yi 'yar hayaniya. Muryar likitan ta zo.

"Ina jinka."

"Ɗayan biyu ne. Ko maganin ƙwari, ko ruwan wanke inji."

"Wannan na sani tun da safe. Wanne?"

"Akwai saura a wani duro. In kawo?"

"Ka kawo, amma shi ma gwaji za a tura shi, layi ɗaya da jinin. Yayan naka da aka ce yana ganewa fa? Bai duba ba?"

"Ya duba."

"Ya ce me?"

Auta ya buɗe baki. Bai san me zai fito ba.

A bayansa ya ji wani ɗan sauti. Ƙarfe ya gogi roba.

Ya juya.

Yaya na tsaye a gaban duron da kofin shayinsa na silba a hannu. Bakin hannun rigarsa ya jiƙe, abin yana ɗiga daga gindin kofin, yana faɗuwa a ƙasa ɗis, ɗis.

"Yaya."

"Tsaya nan inda kake."

"Ajiye."

"Ni babba ne, ƙodata biyu lafiya lau. Nata kaɗan-kaɗan ta sha, ni zan sha mai kaurin, ba zai ɓoye kansa ba. Ka sa ni a baron nan ka kai ni. Ya duba ya gani da idonsa. In bai gane ba ya yi min allura ɗaya. In na tashi, ita ce. In ban tashi ba, ɗayar ce." Ya yi maganar yadda yake raba duro, na sha, na wanki, na gini. "Ko ta yaya dai ya samu amsarsa kafin la'asar."

Auta ya ce wa ƙafafunsa su tafi. Tsakaninsu bai fi tsawon mota ba. Ƙafafun suka ɗaga kamar a cikin taɓo.

Yaya ya kai kofin baki.

Maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake motsawa.

Ya sauke kofin, ya kife shi a kan duron yadda yake yi in ya gama shayi. Ya goge baki da bayan hannu. Ya ɗan tsaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Kawo baron," ya ce.

Wayar na hannun Auta har yanzu, a buɗe.

"Halo?" in ji likitan. "Kana ji na? Na ce yayan naka ya ce me?"